Ya Ce Na Ɓoye Masa Mahaɗin Kiriyatin

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni ɗan Rimawa ne, ta Goronyo. Ina ɗaga ƙarfe tare da abokina tun na ƙuruciya, mahauci ne, bari in kira shi Sani. Ba mu da gidan motsa jiki, siminti muka zuba a gwangwanaye muka soka ƙarfen tsohuwar mota, muka ajiye bayan rumbun albasar babana. In na kwanta ɗagawa shi ke tsaya mini a kai, in ya kwanta ni ke tsaya masa.

Bara na sayo kiriyatin a Sakkwato, farin garin nan da masu ɗaga ƙarfe ke sha. Roba ɗaya muka raba, cokali ɗaya, lokaci ɗaya. Ni kafaɗata ta buɗe, riguna suka matse ni, sikelin masu awon shinkafa ma ya shaida. Sani kuwa yana nan yadda yake.

Kun san a wajenmu kowane magani yana da mahaɗi, kuma mai bayarwa yakan riƙe shi. To, nan zuciyarsa ta tafi. Ya ce in faɗa masa mi nake haɗawa da shi. Na ce ruwa. Ya yi dariya, ya ce ko bokan ƙauye ya fi ni iya ƙarya. Na yi masa bayanin abin da na karanta, cewa wani ɓangare na nauyin nan ruwa ne da tsoka ke riƙewa, kuma mai cin nama kullum jikinsa ya riga ya tara sinadarin, sau da yawa ba ya ganin canji sosai. Ni tuwo da wake na tashi da su, shi kuwa a bakin tukuba ya girma. Ya ce wato sana'arsa nake yi wa gori.

Tun ranar bai sake zuwa ba. In na bi ta rumfarsa sai ya ce, "Sannu mai asiri, nawa za a yanka maka?" Har innarsa ta tare ni a hanya, ta ce, "Ɗana, mi Sani ya yi maka? Ba shi mahaɗin mana." Na ce, "Inna, wallahi babu." Ta wuce abinta.

Yanzu ni kaɗai nake zuwa bayan rumbun. Na rage nauyin da nake ɗagawa, don in ya danne ni babu mai ɗauke mini. Gwangwanayensa suna nan, ban taɓa su ba.

Na san in na ce masa zuma da dabino ne, gobe zai dawo. Amma jikinsa ba lalle ya canja ba, kuma ranar da ya gane, ya tabbatar na iya yi masa ƙarya. In ƙirƙiro masa mahaɗin, ko in ci gaba da ɗagawa ni kaɗai?