Sunan Ɗan Fari

Madawa, ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya Sa'a, a Allakaye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Manzo da yara. Yaya ƙafar taki? An ce gero ya yi kyau wajenku bana, Allah ya sa a ci lafiya.

Na ɗauki biro ne don in ta waya ce Mardiyya za ta ji, kuma ƙararta na kawo. Ƴar da na haifa ta yaudare ni. Ta ce mu je asibiti a auna mini tansiyo, a ga ko jinina ya hau, wai na rame, ba na cin abinci tun da labarin yaron nan ya zo daga hanyar Libiya, wata takwas ke nan. Aka auna, lafiya lau. Sai ta ja ni wani ɗaki can ƙurya, ta zaunar da ni gaban wata yarinya, ta fita ta ja ƙofa.

Sunanta Mariyatu, daga Tawa take zuwa duk Laraba. Wai likitar damuwa ce. Ni dai a sanina, masu tafiya suna magana su kaɗai ake kaiwa irin ɗakin nan. Ba allura, ba ƙwaya, kujera biyu kawai. Wai magana ce maganin. Na ce da haka ne, da matan bakin rijiyar Allakaye ko ciwon kai ba su taɓa yi ba.

Duk da haka na daure na ba ta labari: motarsu ta lalace cikin sahara, ba gawa, ba kabari. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Inna, mene ne sunansa?"

Ɗan farina fa, Yaya. Kuma Bahaushiya ce, ba baƙuwa ba, balle in ce ba ta sani ba. Wace uwa mai kunya ce ke kama sunan ɗanta na fari? Shekara ashirin da tara bakina bai taɓa shi ba, sai yau sa'ar ƴar cikina za ta sa ni? Na ja mayafina na fito. Ba zan sake taka ɗakin ba, ki faɗa wa Mardiyya, tunda ke tana jin maganarki.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Sabuwa

Madawa, bayan sati biyu

Yaya Sa'a,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Saƙon kuka da kuɓewa ya iso, na gode.

Na koma. Kada ki yi dariya, na koma ne in wanke ta tas, don maganar ta tsaya mini a wuya. Na faɗa mata rashin tarbiyyarta. Ta ba ni haƙuri, ta ce ba za ta ƙara tambaya ba. Abin haushi, ko musu ba ta yi ba, ta bar ni da faɗana a hannu. Sai ta ce to me nake ce masa in zan kira shi. "Kai" nake cewa, ko in aiki ƙanwarsa ta kira shi.

Ta tambaye ni ranar da ya tafi. Kin tuna, kina nan. Muna sussuka a tsakar gida, mata cike. Ya zo da jakarsa ya durƙusa. Ban ɗaga kai ba. Na ce Allah ya kiyaye hanya, kamar ɗan maƙwabta ne. Ya daɗe a durƙushe, ina ganin takalminsa, sannan ya tashi. Kuka yaba mini, kuka ce Sabuwa ta cika mai kunya.

A ɗakin nan na yi kukan da ban yi ba ranar gaisuwa. Yarinyar ba ta ce in yi haƙuri ba. Ita kaɗai ce cikin wata takwas ba ta ce ba.

Yanzu da ke nake fushi, Yaya, ke da Inna, Allah ya jiƙanta. Ranar suna na kalli jaririna na yi murmushi, kika mintsine ni a cinya har wurin ya yi baƙi. Ina da shekara sha bakwai. Aka ba Inna shi ta goya, ni kuwa sai in bi bayan ɗaki in leƙa ko ya ci. Na san al'ada ce, ke ma haka aka yi miki. Amma ku kun ce yaro yana ganewa. In bai gane ba fa? Abin da ke hana ni haɗiye tuwo ke nan: ina tsoron ya mutu da ƙishirwa yana zaton uwarsa ba ta damu da shi ba.

Laraba zan koma. Har yanzu bakina ya ƙi, na gwada a banɗaki ya ƙi. Hannu dai bai san kunya ba. In kin ga ƙasan takardar nan ranki ya ɓaci, ki zo Madawa ki mintsine ni.

Ki gaida Malam da yara.

Ƙanwarki,
Sabuwa, uwar Alƙasim