Daɓen da Ya Ƙi Bushewa

Jecheon, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga yayana Gi-cheol,

Oppa, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman Tae-o da yara. Allah ya tsare ka daga injinan masana'antar nan taku, ya kuma sauƙaƙa maka ciwon cikin da ka yi ta kuka da shi lokacin da ka zo bikin kaka na Chuseok. Mu nan lafiya lau. Maigidana, Baban Ye-rim, yana fama da tasinsa da gwiwarsa. 'Yarmu Ye-rim ta ce jarrabawa ce ta hana ta zuwa gida, ni kuwa na fi zargin wani mai tabarau da na hango a gefen hotonta. Sanyi ya sauko da wuri bana, don shekaranjiya na tarar da ruwan bokitin tsakar gidan mahaifiyarmu Omma ya yi ƙanƙara a sama. Kai da kake Haiphong kana kwana da fanka, na san ka manta yadda sanyin garin nan yake shiga ƙashi.

Omma tana samun sauƙi. Ƙugun da aka yi wa tiyata ya kama, har tana takawa zuwa ƙarshen baranda da sandar nan mai ƙafa huɗu. Likita ya ce ranar ashirin ga wata za a sallame ta, amma da sharaɗi: ɗaki mai ɗumi, babu dokin ƙofa da za ta tsallaka, da ƙarfen dafawa a banɗaki. Ya ce in gidan bai kai haka ba, to kai tsaye asibitin tsofaffi za su tura ta. Ka san abin da Omma take cewa game da wurin, wai duk ƙawarta da ta shiga can ba ta fito da ƙafafunta ba. Ka kuma san gidana hawa na huɗu ne ba lif, ba yadda zan yi in hau da ita. Kullum in na je sai ta lissafa mini kwanakin da yatsu, wai a gidanta za a haɗa kimchin hunturun bana, kabejin nan da ake jiƙawa da gishiri da barkono, ita za ta zauna ta ɗanɗana gishiri mu kuma mu yi aikin.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan maimakon waya. In na kira sai ka ce kana taro, in ka ɗauka kuma sai in fara ɗaga murya kafin in kai ga magana. Batun Shugaba Pyo ne, abokinka na soja, da ka ce mu ba shi gyaran gidan Omma. Ka ce mini ɗan kwangila ne mai lasisi, ba irin masu yawo da guduma a bayan mota ba. Lasisin kam na gan shi da idona, yana rataye a shagonsa cikin gilashi, an goge shi har yana ƙyalli. Aikin da aka rubuta ma ba ɓoyayye ba ne: a fasa daɓen falo da na ɗakin Omma, a cire tsofaffin bututun ruwan zafi masu ɗumama ɗaki ta ƙarƙashin daɓe, waɗanda suke yoyo, a shimfiɗa sababbi, a sassare dokin ƙofofi, a gyara banɗaki da kicin. Ya ce kwana ashirin. Yau kwana hamsin da uku.

Da farko ban yi masa rowar komai ba. Kullum ƙarfe goma sai in rufe shagon ɗinkina in kai wa ma'aikatansa taliya da kofi, da yamma in kai dafaffen dankali, yadda Omma take yi wa duk wanda ya taɓa mata ko da ƙusa ne a gida. Shi kuwa baki kamar an shafa masa zuma. Da ya hango ni sai ya ce, “Ƙanwata ta iso! Ke dai ki je ki kwanta ki yi barcinki, uwar Gi-cheol uwata ce.” Ni dai tun ranar da ya fara kirana ƙanwata na ji hankalina bai kwanta ba, don mutumin da ya san aikinsa ba ya yawan neman zumunci. Bayan sati biyu ma'aikata huɗu suka koma biyu, biyu suka koma wani dattijo guda da yake zuwa ya sha taba a bakin ƙofa ya tafi. In na kira Pyo sai ya ce yana Wonju wajen sayen kaya. Mutum ɗaya ya je Wonju sau tara, ko tayil guda bai dawo da shi ba.

Bari in gaya maka yadda gidan yake yanzu. Kwanon wanke-wanke na kicin yana kife a tsakar gida kusa da tulunan miya. Buhunan siminti uku ruwa ya dake su sun zama dutse. Ƙofar banɗaki ba ta rufuwa sai an sa kafaɗa. In ka zuba ruwa a ƙasan banɗakin, maimakon ya nufi magudana sai ya biyo ka zuwa falo. Ƙarfen dafawar nan kuwa, na ce bari in gwada shi kamar ni ce Omma, na ɗora nauyina a kai, sai ga ni zaune a ƙasa da ƙarfen a hannuna. A jikin allo marar kauri ya ɗaura shi, babu katako ko bulo a baya. Na daɗe a zaune a wurin ina tunanin da ita ce ta dafa. Da na nuna masa, sai ya yi dariya ya ce, “Haba ƙanwata, ai ke kin fi tsohuwa nauyi sau biyu.”

Duk wannan da zan iya haɗiyewa, amma akwai abin da ya fi damuna. Ya kulle ɗakin Omma kwana goma, wai siminti bai bushe ba, kada kowa ya taka. Falo kuwa kwana uku kacal ya hana mu shiga. Sannan naɗin bututun da aka sauke a tsakar gida, na lura tun da aka gama falo bai ƙara raguwa ba. Kai kakan ce na cika zargi, wai ko ƙwai na saya sai na girgiza shi a kunne. To shekara ashirin da shida ina yanka yadi, in an ce an ɗinka riga biyu kuma na ga na riga ɗaya ne ya fita daga bandir, ba sai an gaya mini ba. Da ya buɗe ɗakin, leda sabuwa fes, launin zuma, irin wadda Omma take so. Na tambaye shi ko bututun suna ciki, ya dafa ƙirji ya ce, “Lasisina fa kike tuhuma.”

Ranar Lahadi da safe na tafi ni kaɗai. Na kunna injin ɗumama na ƙure shi, na jira awa biyu. Ka tuna yadda mahaifinmu Appa yake yi in yana neman inda bututu ya toshe? Na jiƙa tsumma sharkaf na goge falo da ɗakin Omma gaba ɗaya, na koma bakin ƙofa na tsuguna. Falo ya fara bushewa layi-layi, kana ganin hanyar kowane bututu kamar an zana da alli. Ɗakin Omma kuwa ko alama. Na ba shi rabin awa, na ba shi awa guda, ruwan yana nan kwance. Na cire safa na taka, sanyin ya harbe ni har gwiwa. Na bi kusurwa huɗu da tafin hannu, har wajen bangon nan da take ajiye maka kwanon shinkafa a ƙarƙashin bargo in ka yi dare a makaranta. Oppa, babu bututu ko ɗaya a ƙarƙashin ɗakin nan. Ya cire tsofaffin, ya zuba siminti, ya rufe da leda mai kyau.

Washegari na ɗauki hotuna da takardar yarjejeniya na tafi ofishin da ake kai ƙarar 'yan kwangila. Wata yarinya mai kirki ta saurare ni, ta rubuta komai, ta ce batun banɗaki da kicin da jinkiri a bayyane yake, za su kira shi, kuma mai lasisi yana jin tsoron irin wannan kira. Na fito ina jin kamar an sauke mini dutse. Kwana uku bayan haka ta kira ni in dawo. Ta ce Shugaba Pyo ya zo, ya amince zai gyara banɗaki da kicin, amma batun ɗakin ya kawo takarda. Ta juyo mini da ita a kan tebur. Takardar canjin aiki ce, layi biyu kacal: ƙaramin ɗakin gabas za a mai da shi ɗakin ajiya, ba a buƙatar ɗumama shi. A ƙasa ga hatimin Omma, ja wur, da ɗan gefen nan da ya ɓalle tun muna yara. Yarinyar ta ce tun da mai gida ta buga hatiminta, ba abin da za su iya yi a kan wannan.

Na duba kwanan watan. Kwana biyu bayan Chuseok ne. A ranar Omma tana kwance ko juyawa ba ta iya yi, ni ce na yini ina ba ta kunu da cokali. Hatimin kuma ba ya wurina. Ranar da za a shiga da ita tiyata ta ciro shi daga ƙaramar jakarta ta damƙa maka a gabana, ta ce babban ɗa shi ke riƙe irin wannan. Kuma a ranar da ke kan takardar ce ka ce mana za ka je ku ci naman gashi da Pyo, ka dawo fuskarka ja kana waƙar soja.

Ban tsaya nan ba, na wuce shagonsa. Yana ganina bai ce ƙanwata ba. Na ajiye masa takardar na ce ya gaya mini wa ya sa shi mai da ɗakin uwata ɗakin ajiya. Ya yi ta gyara biro a kan tebur, can ya ce, “Maman Ye-rim, ki tambayi yayanki mana. Shi ya ce tsohuwa ba gida za ta dawo ba, da bazara za a sa gidan a kasuwa, a dai yi abin da ido zai gani.” Na ce ƙarya yake yi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ɗan aiki ne, abin da aka buga wa hatimi shi yake bi. Na fito, na wuce tashar bas ɗina ban sani ba.

Oppa, mutumin da ya ɗaura ƙarfen dafawa a jikin allo zai iya ƙulla kowace irin ƙarya, wannan na sani. Mai yiwuwa ya cika maka kofin giya har sau bakwai ya turo takarda ya ce ta sayen tayil ce, ka buga ba ka karanta ba. Kwana huɗu ke nan ina lallashin kaina da wannan. Amma sai in tuna yadda ka tsare likita a baranda kana tambayarsa asibitocin tsofaffi masu kyau, da yadda ka auna faɗin tsakar gida da taku kana cewa motsa jiki kake yi, da yadda Maman Tae-o ta tambaye ni a waya ko har yanzu filayen unguwarmu suna daraja. Da ɗaya-ɗaya suka zo ban kula ba. Yanzu sun taru sun zauna mini a ƙirji, kuma ba na son abin da suke gaya mini. In wani nauyi ne ya taso maka a can, ai da ka faɗa mini, ni ƙanwarka ce ba baƙuwa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro nake ji kada maganar Pyo ta zama gaskiya.

Ga abin da na yanke, ba shawara nake nema ba. Ranar ashirin zan ɗauko Omma in kawo ta gidanta. Na yi magana da tsoho Ma, mai gyaran injin ɗumama na bayan kasuwa. Ba shi da lasisi a gilashi, amma shi ya gyara rabin gidajen unguwar nan. Ya zo ya ƙwanƙwasa bangon banɗaki ya gano inda bulo yake, jibi zai kafa ƙarfen. Ɗakin kuwa ya ce ko yau aka fasa, sabon siminti ba zai bushe a wannan sanyi kafin ranar ba. Saboda haka a falo zan yi mata shimfiɗa, ni ma in dawo nan da kwana har hunturu ya wuce. Abin da ban sani ba shi ne me zan ce mata in ta tura ƙofar ɗakinta ta taka. Ka san Omma, da tafin ƙafa take gane gida.

Abu biyu nake so daga gare ka. Ka aiko mini da hatimin ta hanyar da ta fi sauri, don tsoho Ma ba zai fasa daɓen ba sai mai gida ta buga, ofishin nan ma sun ce sai da shi za a soke waccan takardar. Sannan ka rubuto mini ka gaya mini ko ka karanta layi biyun nan kafin ka buga. E ko a'a ya ishe ni. Ban gaya wa Omma komai ba, ban gaya wa Goggo ta Danyang ba, ko Baban Ye-rim rabin labarin ya sani.

Ka gaida Maman Tae-o, ka ce mata busasshen barkonon da ta roƙa yana nan na ɗaure mata. Ka shafa mini kan Tae-o da Seo-ha, ka ce su riƙa kiran kakarsu ko da minti biyu ne. Baban Ye-rim yana gaishe ka, Goggo ma haka. Omma kuwa ta cika ɗakin jinyarsu da labarinka, duk matar da aka kwantar sai ta ji cewa ɗanta na ƙasar waje ya turo abokinsa ya yi mata sabon daɓe. Jiya da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce in na rubuta maka in ce ta gode, kuma in ka zo sabuwar shekara kada ka kama otal, a ɗakinta za ka kwana, ta bar maka wajen bango inda ya fi ɗumi. Na ce mata zan isar. To ga shi na isar.

Ƙanwarka,
Suk-hui