Injin da Ya Ƙi Tashi a Kausani

Zuwa ga Gwaggo Asabe,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya zaman Legas? Mu nan Wudil sai godiyar Allah.

Gwaggo, har yanzu mamaki bai sake ni ba. Yaya Sani ya ajiye aikin gwamnati, yanzu da kowa ke rububinsa, ya koma wata ƙungiya mai haɗa injin ban-ruwa ba don riba ba. Shi ne mai nemo musu masu saye. Tun ranar Baba ya daina amsa gaisuwarsa.

Fitar Yaya ta farko, a ƙauyen Kausani, injin ya ƙi tashi a gaban manoma. Muka ce shi ke nan, sai kora. Washegari sai ga shugabansu da kansa a zaurenmu, ya durƙusa ya ce wa Baba, "Laifinmu ne, Alhaji, ba na Sani ba." Ina laɓe bayan ƙofa ina jin komai. Ko a littattafan soyayyar da nake karantawa ban taɓa ganin babba ya ɗauke wa yaronsa laifi ba.

Baba dai har yanzu bai sauko ba, Yaya kuwa duk ya rame. Don Allah ki sa baki, maganarki kaɗai Baba yake ji. Ki sa mu a addu'a, ki gaishe da kowa.

Taki,
Bilki