Wasoson Gidan Kadinal Serafino

Talata, 4 ga Mayu

An toshe ƙofofi da bulo. Mu kadinal hamsin da biyu a ciki, ba mai fita sai mun zaɓi sabon Fafaroma. Ni dai ba na son kujerar nan. Na faɗa wa Allah, na faɗa wa yayata Porziya.

Juma'a, 7 ga Mayu

Kazar da Porziya ta aiko, masu gadi sun yi mata fata-fata, wai ko da wasiƙa a ciki. Na yi barcin rana. A mafarki ga ni a gonar inabin babanmu ba takalmi, jar hulata ta kadinal tana bin ruwan rafi kamar ƙwarya, ban ko bi ta ba.

Litinin, 10 ga Mayu

Ƙuri'a goma sha tara a kaina, ni da ko huɗuba ban iya ba.

Laraba, 12 ga Mayu

Talatin da ɗaya, saura huɗu kujerar ta zama tawa. Ana karanto sunana ina jin sa daga nesa, kamar ana kiran wani a tsallaken kogi.

Alhamis, 13 ga Mayu

Wani ya baza a gari cewa ni aka zaɓa. Mutanen Roma kuwa ba sa wasa da al'adarsu: wanda aka zaɓa ya bar gidansa ke nan, kayansa na mai rabo ne. Tsohon barana Gaudenziyo ya jiyo a tagar da ake miƙo mana abinci, ya zo ya faɗa mini. "Ranka ya daɗe, har tukwane. Wai wata ta fita da katifarka a ka, tana ta sa maka albarka."

Ya kamata in ji haushi. Daɗi na ji.

Asabar, 15 ga Mayu

Sun zaɓi wani, tsoho mai tari. Na sumbaci ƙafarsa. Na huta.

Lahadi, 16 ga Mayu

Gida fayau, tafiyata har amsa-kuwwa take yi. Na tarar da Porziya zaune a kan matakala.

"Sannu da zuwa, Uba Mai Tsarki. Sai dai ka zauna a ƙasa."

Na ce gara haka, ai ta san ban so ba. Ta ce ta sani. Can ta ce, "Da an ba ka kujerar, wane sabon suna za ka ɗauka na Fafaroma?"

Kafin ta rufe baki na faɗa mata, har da lambarsa a jerin Fafaroma masu wannan sunan. Ba ta yi dariya ba, matsawa ta yi ta ba ni wuri.