Hoton Hansai a Ƙofar Shago

Zakka, Safana

Yaya Tayyib,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Kawu da Inna, ya aiki, ya jama'a. Na toshe lambarka, shi ya sa ka ga takarda a hannun Gambo mai babur.

Kai ka koya mini riƙe kamara, ba zan musa ba. Kai ka nuna mini yadda ake juya amarya ta fuskanci ƙofa don haske ya sauka a fuskarta, da yadda ake gyara launi a kwamfuta kada lalle ya fito baƙi ƙirin. Amma mu duka mun san dalili. Namiji ba ya shiga cikin gida ranar lalle, ni ina shiga. Mata suna ajiye mayafi a gabana ne don sun san uwata.

To yaya aka yi hoton ƙawata Hansai, kai ba ɗankwali, tana rawa a tsakar gidansu, ya zama ƙaton kyallen talla a ƙofar shagonka ranar kasuwar Batsari? Malam Daudu surukinta ya je sayar da gero, ya ɗaga kai ya ga matar ɗansa. An mayar da ita gidan ubanta, ƙunshin ƙafarta ko gogewa bai yi ba. Da suka tsare ka, ka ce ni na gaya maka ta yarda. Ni! Yanzu ko gidan suna na shiga sai mata su ja mayafi su yi tsit. Ka zubar mini da mutunci a garinmu, kuma wallahi ba zan bar maka ba.

Ka gaida Inna.
Mahfuza

Batsari

Zuwa ga ƙanwata Mahfuza,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na ga saƙonki, na kuma ga zuciya ce ta rubuta shi.

Ki fahimta, sana'ar nan ba ta tafiya sai da talla. A Katsina da Kano masu hoto haka suke yi, ba wanda ya ce uffan. Hoton ya yi kyau ne, shi ya sa na zaɓe shi, ai yabo ne gare ki. Kyallen dai na sauke. Maganar da na faɗa kuwa, a gaban mutane aka titsiye ni, kuma ni shago gare ni da suna. Ke kwana biyu za a manta. Ki kwantar da hankalinki ki dawo aiki, bayan girbi bukukuwa za su yi yawa, har da nawa in Allah ya yarda.

Allah ya huci zuciyarki.
Yayanki, Tayyib

Tsaskiya

Yaya Tayyib,

Salamu alaikum, ya hidimar biki? Allah ya sanya alheri.

An yi girbi, kuma ba a manta ba. Na sayar da awakina na sayi kamara ta hannu, tawa ta kaina. A Zakka ba wanda ya kira ni, sai na dawo nan wurin Gwaggo Tasalla, tana kai ni gida gida tana tsaya mini. Katin ajiye hotuna, fitila, buga hoto, sa farashi, duk na iya ba tare da kai ba.

Ka san lallen wa na ɗauka jiya? Na Zuwairatu, amaryarka. Ashe uwarta aminiyar Gwaggo ce. Kai, Yaya, ka iya zaɓe! Na juya ta ta fuskanci ƙofa kamar yadda ka koya mini. Akwai wani da ɗankwalin ya zame tana tsakiyar rawa, kitso ya fito raɗau, tana dariya har da riƙe ciki. Ya fi na Hansai kyau nesa ba kusa ba.

Af, na gano inda ake buga kyallen talla a Katsina. Ɗan shagon da nake nema kuma a Batsari yake, yana kallon tasha. Ka ce sana'a ba ta tafiya sai da talla, na riƙe karatu.

Hansai tana nan a gidan ubanta.

Ɗalibarka,
Mahfuza

Batsari

Mahfuza,

Salam. Don girman Allah ki tsaya. Na aiko Gambo ya dawo hannu rabbana, na sake aikowa kin ce ba ki nan. Yarinyar nan ba ta yi miki komai ba. Iyayenta mutanen kunya ne, in suka ga abin nan an fasa, kuma ba zan ƙara ɗaga kai a Tsaskiya ba. Abinci ya gagare ni. Duk mai babur da ya fito daga hanyar Katsina da abu a naɗe sai gabana ya faɗi. Me kike so? Gobe Juma'a ina nan zuwa Zakka wurin Malam Daudu. Ki jira ni, Mahfuza, don zumunci.

Tayyib

Zakka

Yaya Tayyib,

Wa alaikumus salam. Na ji an tashi masallaci ka durƙusa gaban Malam Daudu da dattawa, ka ce laifin naka ne, ba ni ba ce, ba kuma Hansai ba ce. Jiya mijinta ya zo biko, ni na raka ta ɗakinta.

Hotunan Zuwairatu ba sa wurina. Tun ranar lallen, kafin in sa takalmi, na zare katin na danƙa wa uwarta a hannu, ko kwafi ban riƙe ba. Ni ba na sayar da matan da suka buɗe mini ƙofa. So na yi ka ji yadda abin yake, kuma ka ji.

Allah ya ba ku zaman lafiya. Ni dai ban yafe ba.

Mahfuza