Sau Bakwai Kika Ɗaga Labule

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa, Malamata,

Gaisuwa irin ta mai laifi, wanda ya san laifinsa. Yau kwana goma sha tara ke nan da kika aiko min da kalma biyar: "Ka kunyata ni gaban Baba." Tun daga nan wayarki ta daina sanina. Yayanki kuwa da na kira shi, cewa ya yi, "Malam, in wasa kake, nemi abokin wasanka." Ban ga laifinsa ba. An share falo, Baba ya fasa fita, an zauna jiran mai neman aure, mai neman aure bai zo ba.

To amma na zo, rabin raina. Wallahi na zo! Ƙarfe huɗu saura kwata na tsayar da babur a kwanar layinku, gefen shagon aski, sanye da farar rigar nan da kika zaɓa min. Ina hango tagarki mai shuɗin labule. Sau bakwai kika ɗaga shi kina leƙen hanya. A na biyar kin cire gilashinki kin goge. Wanda bai zo ba, ina zai san wannan?

Ina sauke ƙafa gabana ya faɗi. Zuciyata ta shiga dukan uku-uku, gumi ya keto min, numfashi ya tsaya a maƙogwaro, yatsuna suka ƙi sakin kan babur. Na tabbata mutuwa zan yi a bakin titi, cikin rigar da kika zaɓa. Mai askin ya leƙo ya ce, "Maigida, lafiya? Ko in kawo ruwa?" Na ce masa mai ne ya ƙare min. Da abin ya sake ni, ƙarfe biyar ta wuce, rigar ta jiƙe sharkaf, kunya kuma ta ƙarasa abin da tsoro ya fara. Na juya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara shida nake fama da wannan abu. Yana zuwa min a layin banki, a cikin taro, wani lokaci ina zaune lafiya lau. Abokan aikina sun san shi da sunan olsa, domin abin da na gaya musu ke nan. Ni da nake hawa falwaya in kama wayar wuta ina fito, yaya zan buɗe baki in ce matakala uku na ƙofar gidanku sun gagare ni?

Washegarin ranar da na juya na tafi asibiti na ce a duba min zuciya. Aka auna, aka sake aunawa. Likitar ta ce, "Zuciyarka ƙalau take. Ciwon fargaba ne, kuma ba kai kaɗai ba ne. Jikinka ne ke shelar gobara alhali babu hayaƙi." Nan take na gane, don sana'ata ce. Akwai makunnin da muke sa wa gida, mai katse wuta da kansa idan ya ji haɗari. Idan ya cika ji, sai ya riƙa jefa gida cikin duhu ba gaira ba dalili. Ba a rushe gidan saboda shi, gyara ake yi. Ba ragwanci ba ne, ba kuma ƙarancin so ba ne. Har ma na lura, inda na fi tsoron rasa abu, nan ya fi kama ni. Me nake tsoron rasawa a duniyar nan kamar ke?

Ba zan yi miki ƙarya in ce na warke ba. Duk Laraba ina zuwa wurin likitar muna magana, ta koya min jan numfashi a hankali, da tsayawa har abin ya wuce maimakon gudu. Jiya na yi minti arba'in a layin banki, ban fita ba. Ki yi dariya in kina so, ni dai ji na yi kamar na ci jarrabawa.

Kin tuna ranar da na zo gyara fankar ajinku, tsani yana rawa? Kika ajiye alli kika kama shi, kika ce, "Hau abinka, ina riƙe." Ba ke kika hau min ba, tauraruwata, riƙewa kawai kika yi. Yau ma abin da nake roƙo ke nan.

Na rubuta wa Baba takardar ban haƙuri, na faɗa masa gaskiya da sunanta, ba olsa ba. Ya ce in zo Asabar ƙarfe huɗu, amma magana tana hannunki. Zan zo. Idan kika hango babur ya tsaya a kwana, kada ki ce ya sake gudu, numfashi nake ƙirgawa. In kin yafe min, ki ɗaga labulen sau ɗaya, ki bar shi a ɗage. In kuma na tarar da shi a sake, duk da haka zan hau matakalan nan uku, in gaida Baba, in tafi da sonki.

Naki, a tsorace ko a natse, har numfashin da nake koyon ja ya ƙare,

Mai gyaran wutarki