Korar Hamadu Saboda Allurar Ƙetaren Kogi

Zuwa ga Mushe Darakta, shugaban lakwal, makarantar da Hamadu na Zabori yake karatu a nan Gaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da malaman da ke aiki ƙarƙashinka. Na zo ofishinka, mai gadi ya ce kana wurin taro. Na sake zuwa, ya ce ka tafi tarbar baƙi. Tun da ganinka ya gagara, na rubuta wannan a fili, wanda ya iya karatu a garin nan ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ni ne mai masaukin Hamadu, yaron ajin ƙarshe da ka kora. Ka san yadda muke yi: yaron ƙauye in ya zo karatu, ubansa yakan damƙa shi hannun wani a gari, a gidansa zai ci ya kwana, shi za a nema in ya yi laifi. Ko Nasara, da duk taurin kansa, ba ya korar yaro sai ya kira mai masaukinsa. Na sani, domin ni na yi musu tafinta har gashina ya yi fari. Kai ba ka kira ni ba. Hamadu ne ya shigo gida da rana tsaka, littattafansa ɗaure da igiya, ya zauna bakin rijiya ya ce an kore shi.

Abubuwa uku nake so ka ji. Na farko, ɗakin jinya. Lakwal ɗinka tana da ɗaki guda na yara marasa lafiya, da gadaje da kwalbar kinin. Da lokacin zaɓe ya ƙarato, aka kwashe gadajen aka kai wa manyan baƙi masu zuwa neman ƙuri'a, aka cika ɗakin da tutoci da hotuna, aka garƙame. Mai yi wa yara allura kuma aka sa shi cikin mota yana riƙe lasifika daga ƙauye zuwa ƙauye. Ana tsakiyar lokacin sauro, Mushe. Ka san abin da bakin kogi yake yi wa yara in ruwa ya kwanta a fadamun shinkafa.

Na biyu, zaman da kai da kanka ka buɗe ranar Alhamis a gindin ganji. Ka tara yara ka ce musu yanzu ƙasa tamu ce, kowa ya faɗi abin da ke ransa, a koyi jayayya ba tare da faɗa ba. Da Hamadu ya ba ni labari sai na ji daɗi, ni da na daɗe da daina jin daɗin komai. Na ce masa ya je ya yi magana. Ya je, ya tashi da ladabi, ya tambaya yaushe za a mayar da gadajen, domin abokinsa yana kwance kan tabarma a bayan aji yana rawar ɗari. Tambayarsa ke nan. An gaya mini ka yi murmushi ka ce tambaya ce mai kyau. Daga ranar malamai suka fara kiransa ɗan adawa.

Na uku, kuma shi ne ya fi ƙona mini rai. Masassarar ta kama Hamadu shi ma, har ya fara surutai. A likitar gari, wato asibitinmu, na tarar da layi, magani babu. Sai na yi abin da kowane mutumin Gaya yake yi tun kafin a haife ka: na sa shi a kwalekwale muka ƙetare kogi zuwa Malanbil ta ƙasar Dahome, inda ƙanen matata yake aikin likita, aka yi masa allura, muka dawo kafin la'asar. A gare mu wancan gefen ba wata ƙasa ba ce. Can muke sayen gishiri, can muke zuwa suna da ta'aziyya. Amma wani ya gan mu a bakin ruwa, ya kawo maka labarin cewa yaron da ya yi tambaya ya tafi Dahome ganawa da masu adawa da gwamnati. Ka karɓa. Ba ka dubi idonsa da ya faɗa ba, ba ka nemi ganin tabon allurar ba. Yaron da aka tallabe shi aka saka cikin jirgi, shi ne zai je ƙulla makirci?

An kai ni karatu har bakin teku tun ina yaro, na dawo da takardun da yau gara ke ci a akwati. Da aka sauke tutar Nasara na yi kuka a gaban mutane, ina cewa ko ni ban amfana ba, yaranmu za su buɗe baki ba tare da tsoro ba. Yau ɗan ƙasa ne a kan kujerar, kuma darasin da ka koyar a gindin ganji kowane yaro ya haddace shi: in babba ya ce ka yi magana, tarko ne.

Ga abin da nake roƙo. Ka mayar da Hamadu aji kafin jarrabawar sartifika, domin in ta wuce shi shekarunsa sun ƙetare, ba zai sake zama ba. Ka buɗe ɗakin jinya, tutoci ba sa masassara. Zaman Alhamis kuwa, ko ka bar yara su yi magana da gaske, ko ka rufe shi. In ƙetare kogi laifi ne, ni na ɗauke shi, ni na kira mai jirgi. Ka tura jandarma gidana, ba na zuwa ko'ina.

Ubansa bai sani ba tukuna. Ranar kasuwa zai zo daga Zabori da geron cin yaron a kan jaki, kuma abin da zai fara tambaya shi ne karatu. Ba ni zan ba shi amsa ba. Zan riƙo hannunsa mu zo ƙofar ofishinka mu zauna, har ka fito ka gaya masa da bakinka.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka gama da kujerar nan da mutuncinka, ya kuma tsare ƴaƴanka daga irin hukuncin da ka yi wa ɗan wani.

Wassalam.

Malam Garba Tafinta, mai masaukin Hamadu, Gaya.